Taki Sai Ya Kwana Kafin Ya Ga Iri

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kana tambaya ko barin kunya ta huta bayan an zuba taki camfin tsofaffi ne, tunda ga yuriya a kasuwar Gadarif, ka barbaɗa yau ka shuka gobe. Jikan manoman Mai Wurno da wannan tambaya!

Ka san kakanninmu bayan yaƙin Burmi a 1903 suka biyo hanyar gabas, suka zauna a Mai Wurno, bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Ƙasar da suka tarar baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta riƙe takalmi. Irinta ce a bayan gidanka.

Shekarar da Numeiri ya hau mulki, 1969, ina ɗan saurayi. Kogi ya janye bayan cikar damina, ya bar laka tana ƙyalli a gaɓa, kowa ya ɗauki saluka, wato sandar huda ƙasa, ya fita shuka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya matse, ya buɗe tafinsa. Curi ne mai sheƙi, shatin yatsunsa a jiki. Ya ce mu koma gida. Muka wuce maƙwabta suna ta aiki, wasu na tsokanarsa wai Malam ya bar noma. Bai tanka ba. Ya sa muka yi ta jigilar kashin awaki na bara a mangala, wanda ya yi baƙi ya daina wari, muka baza, muka bi da hauya. Sai ranar da ya matse ƙasa ta wargaje a hannunsa sannan ya ce a ja kunya. Da aka ja, ya saki ruwa a kwari ya sake barinta, ciyawa ta tsiro muka kankare. Irin kuɓewa ma a kafaɗar kunya ya sa, daidai inda ruwa ya yi shati, domin a cewarsa gishiri a kan tudu yake taruwa. Inna ta yi ta yanka kuɓewa tana shanyawa a tabarma har sanyi ya shigo.

Yakan ce ɗanyen taki wuta ne, wanda ya kwana shi ne abinci. Kakarmu kuma takan ce ƙasa ba ta cin abinci da zafi. Toka kuwa kaɗan take sawa, ta ce wannan laka ba ta son ta da yawa kamar jigawar ƙasar Hausa.

Ban hana ka yuriya ba, tana sa ganye ya yi shar. Amma ba ta sassauta laka, kuma lakar ce matsalarka. Abin da ke damuna, ku yaran yanzu kuna share kashin tumaki ku kai bola, sannan ku ciro kuɗi ku sayo taki a buhu, a wannan tsadar da yaƙi ya jawo mana. Ko rami ɗaya na tara shara da ɓawon albasa ba na gani a gidajenku.

Tumatir da jarjir, ganyen da ake ci ɗanye, ka jira su zuwa Nuwamba. Ka faɗa wa mahaifiyarka ina da irin lalo da yakuwa a gora, in an sami mai zuwa zan ba shi. Ka gaida iyali.