Shamuwa ta tafi, baƙi sun sauka: amsar tambayoyinku kan tsuntsayen kaka

Jama'a salamu alaikum, ya aikin kaka, ya ɗan sanyin da ya fara leƙowa. Wanga mako tambayoyin da sunka shigo kusan duk a kan tsuntsaye ne, kuma ba abin mamaki ba ne, duk wanda ya bi hanyar jami'a ta Kwalkwalawa da sassafe cikin Nuwamban nan ya ga yadda fadama ta cika da baƙin fuska. Na tsinci kaɗan, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Dundaye, yana cewa: "Allah gafarta Malam, an ba mu fassara, tsuntsayen nan da ke barin ƙasarsu su tafi wata duk shekara, masu ƙaura zan ce ko masu hijira? Na ji 'yan rediyo suna faɗin duka biyu."

Ɗana ni dai duka biyun ba su kwanta min ba. Ƙaura ita ce ka kwashe naka ya naka ka bar wuri ba da niyyar dawowa ba, shi ya sa garin da anka yi ƙaura daga cikinsa ke zama kufai. Hijira kuwa Larabci ce kuma tana da nauyi, mu nan Sakkwato in anka ce hijira ai zuciya Gudu take nufa, tashin Shehu daga Degel a 1804, gudun tsira ne da addini ko da rai. To tsuntsun da ya san hanya, ya san lokaci, ya zo bana ya koma, baɗi ya sake dawowa wani lokaci ma cikin fadamar da ya sauka bara, wa ya kore shi? Kalmar da kake nema tana bakin ƙofarka kana tsallake ta, ita ce ci-rani. Tsuntsaye 'yan ci-rani. Kuma "ci" ɗin nan ba na tuwo ba ne kawai, irin na "ya ci zamaninsa" ne, wato mutum ya je can ya ƙare ranin. Ka dubi mutanenmu na ƙauye, da an yanke gero an ɗaure dammai an zuba a rumbu sai samari su rataya jaka, wani Ibadan wani Legas wani har Kumasi, a rage wa rumbu baki a samo na sutura, da hadari ya fara haɗuwa kuma ka gan su sun dawo da sabuwar rediyo. To haka tsuntsayen nan suke ba ragi. Can Turai da Rasha in sanyinsu ya shigo ruwa daskarewa yake, ƙwari su ɓace, sai su cika ciki su tara kitse, wasu ƙananan har sukan kusa ninka nauyinsu, su ƙetare Bahar Rum su ƙetare Sahara, su sauka wurinmu daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan Maris da Afrilu su juya gida su yi sheƙa su yi ƙwai. A nan ba su yin ƙwai, ɗan ci-rani ai ba ya gina gidan aure a masauki.

In kana son ka ga ɗaya da idonka, je inda Fulani ke kiwo a bakin gulbin Rima da hantsi ka dubi ƙarƙashin shanu. Ban da belbela, za ka ga wani ɗan siririn tsuntsu mai rawayan ciki, ba ya tsalle-tsalle kamar gwara, tafiya yake da ƙafa da sauri-sauri yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa, saniya na ɗaga kofato ƙwaro na tashi shi kuma yana cafkewa. Duk jikinsa bai wuce nauyin goro ɗaya ba amma ya ratso hamada. Kirarin belbela "ci da motsin wani" da adalci ne da an raba shi biyu an ba shi rabi. Akwai kuma ƙananan agwagin ruwa da ke sauka garke-garke a Goronyo da tafkin Kware da wajen Wurno, su ba dinya ba su ba kirinjijiya ba, yanzu duk launin ƙasa ne ba ka rarrabe mace da namiji, sai wajen Fabrairu namijin ya fito da farin zane saman ido kamar an ja masa alli, alamar ya fara shirin komawa ke nan. Baƙo raɓa ɗan gari kaba, rana na yi sai ka neme su ka rasa.

Wani abu da ke ba ni sha'awa, a 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila sun wayi gari wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu fiye da rabi, sun yi ta neman dalili a gida ba su samu ba, ashe farin da ya fara a yankinmu na Sahel ne ya cinye su a wurin ci-rani. Farin da ya kashe mana shanu, su can shiru sunka ji a cikin lambunansu.

Sai wata Hajiya daga Mabera: "Malam mi ne ne kushi a cikin 'kowa ya ga shamuwa da kushinta ya gan ta'? Kuma wai ina shamuwa ke zuwa in ta ɓace? Kakarmu cewa take Makka take tafiya."

Hajiya Allah ya jiƙan kaka in ta riga mu, in tana raye a gaishe ta. Kushi, wasu su ce kwushi, shi ne ja-ja ɗin nan da ke fitowa a hannu ko ƙafar mutum in fata ta ɗaye ta rasa baƙinta, ko don ciwo ko don ƙuna. Ki lura da shamuwa in tana kiwo a gona, ƙafarta toka-toka ce amma gwiwa da yatsu ja ne sak kamar mai kushi, kuma kowace shamuwa haka take, ba ciwo ba ne halitta ce. Don haka ana buga karin maganar ga abin da ya zama jinin mutum, da shi anka san shi ba yau ya fara ba. Misali a kawo miki ƙarar wance ta cika faɗa, ke kuma kin san ta tun tana goye, sai ki ce to ai kowa ya ga shamuwa. Ba lallai zagi ba ne, sau da yawa ma kare mutum ake da ita, wato ku bar ta haka Allah ya yi ta.

Maganar Makka kuwa a'a, kudu take yi. Ita shamuwa tafiyarta kishiyar ta baƙin nan ce, su suna sauka ita tana naɗe tabarma. Tana zuwa mana Afrilu zuwa Mayu gab da ruwan fari, ta yi sheƙa kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba mai jifanta, ta ƙyanƙyashe ta ci fara ta ƙoshi, damina na ɗaukewa wajen Oktoba sai su taru su bi ta gabashin Afirka su gangara har su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu inda a lokacin ne tasu daminar ke farawa. Kin ga ke nan ita ba 'yar ci-rani ba ce, rani ma gudunsa take, ba ta taɓa ganin hunturunmu ba. Gidanta nan ne tunda nan take haihuwa. Wani ya taɓa ce min wai ita ce ake nufi da "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka", ni ban bi wannan ba, karin maganar a kan mai tsokano fitina ne ta dawo kansa, shamuwa kuwa albishir take kawowa ba fitina ba.

Ta uku ta ɗan fita daga harshe amma bari in taɓa. Wani ɗan masunta daga Goronyo ya ce: "Baba Malam, tsuntsu ya faɗa komarmu da zoben ƙarfe a ƙafa da rubutun boko, mutane na cewa asiri ne, wasu na cewa ɗan leƙen asiri ne."

Yaro ba ko ɗaya. Masu bincike ne ke sa musu don su san inda suke zuwa, wani malamin makaranta a Denmak ya fara abin a 1899, rubutun kuma lamba ce da adireshin inda anka sa. Kafin nan Turawa sun daɗe suna kame-kame kan inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi, har akwai masu cewa tsattsewa cikin laka take kwanciya ƙarƙashin tafki sai zafi ya dawo. Sai a 1822 anka harbo wata babbar farar tsuntsuwa dangin shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta tashi ta ƙetare hamada da teku, har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. In ka sake samun irinsa ɗauki hoton zoben da waya yadda lambar za ta fito, in yana da rai ka sake shi, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta jami'ar Jos da irin wanga labari ke yi wa amfani. Kuma ka lura da kalmominka biyu, asiri na boka da asirin da ake leƙe asalinsu guda, sirri na Larabci, abin da ke ɓoye.

Wani kuma ya tambaya ko Ababil sunan tsattsewa ne. A'a ƙanena, a Suratul Fil kalmar siffa ce, tsuntsaye jere-jere garke bayan garke, ba sunan wani iri ba. Wadda ke da suna a Alƙur'ani kuma 'yar ci-rani ce ta gaske ita ce salwa, tana cikin Baƙara aya ta 57, ita ma ƙetaro Bahar Rum take da kaka. Kar a haɗa ta da fakara, wadda Kanawa ke ce wa makwarwa, fakara ta fi ta girma kuma 'yar gari ce ba ta zuwa ko'ina.

Ta ƙarshe wata ɗiyata ce 'yar sakandare, wai ita tana jin gauraka a bakin tsofaffi amma ba ta taɓa gani ba, ko tatsuniya ce. Wallahi wannan ta taɓa ni. Gauraka gaskiya ce ɗiyata, dogon tsuntsu ne baƙi-baƙi mai farin fiffike da tukku kamar tsintsiyar zinari, Fulani na ce mata kumarewal, muna yara da magariba kukanta ake fara ji kafin a hango su sun jero za su kwana. Kamu don ajiyewa a gidajen masu hali da cinye fadamu da noma sun sa yanzu ganinta a daji a ƙasar nan sai an dace, mafi yawa sai a gidan zu.

Masunta da mafarauta na Kware da Wurno da Kalmalo, don Allah ku turo min sunayen da kuke kiran ƙananan agwagin nan baƙi da su, kowa da na garinsu, da yadda kuke furta shi ko da muryar waya ce, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da su za mu fara.