An ce ƙungiyar mata makaɗa ta Amurka za ta karrama ni, amma sai na biya dala 600

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mawaƙiya ce a Kano, ina waƙoƙin biki da na fim. Makon jiya wani ya tuntuɓe ni ta WhatsApp, ya ce shi wakilin Sigma Alpha Iota ne, ƙungiyar mata masu kiɗa da waƙa ta Amurka, wai sun zaɓe ni mamba ta girmamawa tare da manyan mawaƙan duniya. Ya turo takarda mai tambari ɗauke da sunana. Ya ce in biya dala 600 kuɗin rajista da na kambu kafin Juma'a, su kuma za su yi mini hanyar biza in je bikin. Yayana ya ce ƙungiyar asiri ce, in na shiga sai na ba da jini. Ƙawayena kuma sun ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Har na yi magana da uwar adashinmu a ba ni kwasar wannan wata. Na kasa barci. Ƙungiyar nan da gaske akwai ta? In biya?

Wata mawaƙiya daga Kano

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki biya ko sisi. Ki koma wurin uwar adashi yau ɗin nan ki ce mata kin fasa, a bar layi yadda yake.

Ƙungiyar kam akwai ta, kuma tsohuwa ce mai mutunci. Mata bakwai ne suka kafa ta ranar 12 ga Yunin 1903 a makarantar koyon kiɗa da ke Ann Arbor, jihar Michigan, a zamanin da ƙungiyar ɗaliban kiɗa da ta yi suna, Phi Mu Alpha Sinfonia, wadda aka kafa a Boston a 1898, ta maza ce zalla. A shekarar 1903 ɗin aka kafa Mu Phi Epsilon a Cincinnati, sai Delta Omicron a 1909, duka na mata. Bayan dokar 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantun da ke cin tallafin gwamnatin Amurka, waɗannan biyun suka buɗe wa maza ƙofa, ita kuwa Sigma Alpha Iota ta ci gaba da zama ta mata. Hedikwatarta tana Asheville a jihar North Carolina. Aikinta ba ɓoyayye ba ne: tallafin karatu ga ɗalibai, ɗaukar nauyin masu tsara sabon kiɗa, buga mujalla, aika kayan kiɗa da littattafai zuwa makarantun ƙasashe masu tasowa, da shirya takardun kiɗa masu manyan baƙaƙe saboda masu raunin gani.

Maganar yayanki ba zan daɗe a kanta ba. Ya ji labarin ƙungiyoyin asirin da suka addabi jami'o'in Najeriya, irin waɗanda suka kashe ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife a Yulin 1999, sai ya haɗa su wuri guda. Ba abu ɗaya ba ne. Gaskiya ne irin waɗannan ƙungiyoyi na Amurka suna da bikin shigar da sabuwar mamba wanda ba sa yi a bainar jama'a, kuma duk wadda za ta shiga tana da damar ta tambayi abin da ya ƙunsa ta auna shi da addininta. Amma zancen jini ƙanzon kurege ne. Abin da ya kamata yayanki ya ji tsoro shi ne lambar asusun da aka turo miki.

To ga inda nake so ki buɗe kunne, domin wannan cuta ce da nake gani kullum a tsakanin mawaƙanmu, maza da mata: an sa wa mutane a rai cewa lambar yabo ta ƙasar waje haja ce, akwai farashinta, wanda ya biya ya ɗauka. Ba haka take ba, kuma wannan tunani ne ke ciyar da 'yan damfara.

Duba irin waɗanda ƙungiyar nan ta ba wa matsayin da aka ce an ba ki. Akwai Lily Pons, haifaffiyar Faransa, wadda ta fara waƙa a babban gidan ofera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa) na Metropolitan da ke New York a 1931, ta yi kusan shekara 30 tana cika shi da jama'a. Akwai Kirsten Flagstad 'yar Norway, wadda ta hau wannan dandali a 1935, kuma ƙasarta ta girmama ta har ta sa hotonta a takardar kuɗi ta kurona 100. Akwai Myra Hess, mai kaɗa fiyano 'yar Ingila, kuma labarinta ne na fi so ki riƙe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka rufe gidajen kiɗa na Landan saboda tsoron bama-bamai, aka kwashe zane-zanen babban gidan adana hotuna na ƙasa aka ɓoye su, ginin ya zama wayam. Matar nan ta nemi a ba ta shi. Daga Oktoban 1939 ta shiga shirya kiɗan tsakar rana a ranakun aiki, kuɗin shiga sule ɗaya, ma'aikatan ofis da sojoji suna layi a waje. Da ruwan bama-bamai ya tsananta sai aka sauka ƙasan ginin aka ci gaba. Haka aka yi ta yi har 1946, wasa sama da 1,600. Irin wannan mata ake nema a ce mata, don Allah ki yarda mu sa sunanki cikin namu. Ƙungiyar ce ke ƙaruwa da sunan. Ta yaya wanda ya zo neman alfarma a wurinki zai miƙo miki takardar biyan kuɗi?

Ba ina raina waƙarki ba ne, ƙanwata. Ina nuna miki yadda abin yake tafiya ne. Ƙungiyar tana da matakai na karramawa. Akwai mamba ta girmamawa, ga macen da ta yi fice a fagen kiɗa ko waƙa. Akwai wani matsayi na mace ko namiji da ƙasa ta san gudummawarsa ga fasaha. Akwai na masu tallafa wa fasaha a garinsu ko yankinsu. Akwai kuma wanda ake ba wa 'yar ƙungiya da ta shahara daga baya. Duk cikinsu, wani reshe ne na ƙungiyar, a wata jami'a ko wani gari, zai gabatar da suna, mutanen da suka san aikin mutum, shugabanni na ƙasa su duba su amince. Ki tambayi kanki: wane reshe ne ya san ki? Wace malamar kiɗa ce a Amurka kika taɓa aiki da ita?

Akwai kuma wani ruɗani da ɗan damfara yake cin moriyarsa. Ba duk shahararriyar da ke cikin jerin sunayen ƙungiyar ce aka karrama ba. Sheryl Crow, mai lambobin Grammy tara, ta shiga ne tun tana ɗaliba a Jami'ar Missouri tana karatun koyar da kiɗa, daga nan ta koyar a firamare kafin duniya ta san ta. Ɗalibai irinta suna biyan kuɗin ƙungiya kamar yadda ake yi a kowace ƙungiya, ga reshensu da suka sani ido da ido. Shi mutumin naki ya ɗauko kuɗin rajistar ɗalibai ya liƙa shi a kan karramawar manya, ya yi miki gauraye. Shi ya sa biri ya yi kama da mutum.

Yanzu ɗauko wayarki ki buɗe takardar nan. Ki duba adireshin imel ɗin da ke ƙasa: na ƙungiyar ne, ko kuwa na Gmail da kowa zai iya buɗewa cikin minti biyu? Ki matso da tambarin, za ki ga gefensa ya dusashe saboda daga intanet aka kwafo shi, sunanki kuma ya fi sauran rubutun haske domin daga baya aka ɗora shi. Ki duba asusun da za a tura kuɗin. Ina da yaƙinin sunan mutum ne ba na ƙungiya ba, watakila ma a banki na cikin gida, ko kuma a ce ki sayi katin kyauta ki turo lambarsa. Sai wa'adin Juma'a. Ƙungiyar da ta shekara sama da 120 ba ta gaggawar Juma'a. An sa wa'adin ne don kada ki samu sararin tambayar kowa. Idan kika biya 600 ɗin, mako mai zuwa za a ce kambun ya maƙale a kwastan, sai an biya. Bayan shi kuɗin inshora, bayan shi na lauya. Kowane biya yana ɗaure ki da na gaba, domin ba ki son na baya ya tafi a banza. Na ga wadda ta sayar da sarƙar gwal ta gado a kan irin wannan, ta ɓoye wa mijinta, abin ya zama ɓacin rai biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba baƙi kaɗai ke wannan sana'a ba. A garuruwanmu ma akwai masu kama ɗakin taro a otal, su buga kambun gilashi, su raba wa duk wanda ya biya kuɗin tebur, washegari a wayi gari da sabon "Dakta" ko "Jakadiyar Zaman Lafiya ta Duniya". Mu kuma sai tafi da barka a Facebook, babu mai tambayar wace jami'a, wace hukuma. Mun saba wa kanmu da sayen girma, shi ya sa da baƙo ya zo da farashi a dala ba ma jin warin komai. Alhali muna da misali a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, bayan ya shafe shekaru da dama yana waƙa, kuma ita ta neme shi. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, har yau in aka kifa ƙwarya a gidan biki sai an tuna ta. Da amada ta yi wannan suna.

Batun biza shi ne mafi haɗari, kuma a nan ne asarar take wuce ta kuɗi. Babu ƙungiyar da ke ba da bizar Amurka. Jami'in ofishin jakadanci a Abuja ko Legas ne kaɗai ke yanke hukunci, bayan ya yi hira da ke. Mawaƙin da zai je wasa akwai nau'in bizarsa, misali P-3 ta masu fasahar gargajiya ta wata al'umma, kuma sai wanda ya gayyace shi a can ya fara shigar da takardar neman izini ga hukumar shige da fice ta Amurka an amince. Idan kika ɗauki takardar gayyata ta bogi kika kai gaban jami'in nan, dokarsu ta tanadi haramcin shiga ƙasar na har abada ga wanda aka samu da gabatar da ƙarya da gangan. Ranar nan ke za ki tsaya kina rantsuwa ba ki sani ba, wanda ya buga takardar ya riga ya canza layin waya. Gobe in gayyata ta gaskiya ta zo daga wata jami'a ko wani bikin al'adu, kin riga kin ɓata rawarki da tsalle.

Ku ji tsoron Allah, ku masu kiran kanku manajoji da dillalan mawaƙa, da kuke tura wa yaran mutane irin waɗannan saƙonni kuna karɓar kasonku. Yarinya ta kwana a situdiyo, ta bi gidajen biki tana tara na liƙi, ku zo ku yashe ta da takarda ɗaya. Haƙƙi ne, kuma ba ya barin mai shi. Ku ma ƙawaye masu cewa dama ba ta zuwa sau biyu, ranar da kuɗin ya salwanta ba za a ga ƙeyarku ba.

Ke kuma, in har zuciyarki ba ta kwanta ba, ki nemi wanda ya iya Turanci sosai ya shiga shafin ƙungiyar na intanet da kansa, ba ta mahaɗin da mutumin ya turo ba, ya rubuta wa hedikwatarsu yana tambaya ko sun san da wannan takarda. Kada ki tura hoton fasfo ɗinki, ko lambar BVN, ko ta NIN. In kin riga kin tura wani abu da ya shafi asusunki, ki je bankinki gobe da safe. Ki ɗauki hoton duk hirar da lambar asusun kafin ki toshe shi, ki kai wa EFCC, suna da ofishi a Kano. Sannan ki sanar da sauran mawaƙan da kuke zaure ɗaya a WhatsApp, domin da wuya a ce ke kaɗai aka tura wa.