Ƙananan dodon koɗi na duwatsun farar ƙasa

Malam, ka tambaya me ya sa dodon koɗi 'yan mitsi-mitsi suka fi yawa a duwatsun farar ƙasa na ƙasashe masu zafi da damshi, kuma me ya sa katantanwarsu take da siffa iri-iri.

Dalilin farko sinadarin kalsiyam ne. Da shi suke gina katantanwa, dutsen kuwa cike yake da shi. Sannan kowane tsauni tamkar tsibiri yake, dabbar da ke jan ciki ba ta iya tsallaka dajin da ke tsakani. Shi ya sa wani jinsin a dutse ɗaya tak ake samunsa duk duniya.

Ƙanƙantarsu sai ka gani. Angustopila dominikae, wanda aka bayyana a 2015 daga Guwangshi ta ƙasar Sin, bai kai milimita ɗaya ba, ya shige kafar allura ba wahala. In ka sa irinsa a madubin ƙara girma, za ka ga wasu da 'yan haƙora a bakin katantanwa, ana jin don tare ƙwari masu cinsu ne. Ni dai na Malesiya, jinsin Opisthostoma, sun fi burge ni: katantanwar ta naɗe daidai, can a ƙarshe ta karkace ta juya baki wani gefen daban.

Matsalarsu masu fasa dutse don siminti. Wani jinsinsu, Plectostoma sciaphilum, ya ɓace daga duniya bayan an rushe tsaunin Bukit Panching, mazauninsa a Malesiya.