Shimfiɗar da aka yanka wa ƙafa ɗaya ba ta da mai saye na biyu

Wani shumeka daga Sabon Garin Zariya ya rubuto mini. Yana yanka shimfiɗar cikin takalmi daidai da ƙafar mutum, don masu ciwon dunduniya da masu shafaffen tafin ƙafa. Ya ce aiki na shigowa amma kuɗi ba sa zama, kuma cikin ashirin da ya yi a watan jiya, bakwai suna nan a kwali ba a zo an karɓa ba. Yana tambaya ko ya ci bashi ya sayo na'urar auna ƙafa ta kwamfuta da ya gani a Facebook.

Malam, ajiye maganar na'ura. Ciwonka yana cikin kwalin nan.

Takalmin kanti idan wannan bai saya ba, wancan zai saya. Naka ba haka ba ne. Ka tayar da tsakiyar tafin daidai da lanƙwasar ƙafar mutum ɗaya, ka zurfafa mazaunin dunduniyarsa. Ranar da ya fasa zuwa, sosonka da fatarka da gam da yininka sun tafi. Mu ƙaddara kowace ta ci maka naira 4,000, ribarka 2,500. Sha uku da aka karɓa sun ba ka 32,500, bakwai ɗin nan sun cinye 28,000. Wata guda kana aiki a kan naira 4,500, sannan kana so ka ɗora bashi a kai?

Ba mugunta ke hana su dawowa ba, halin ciwon ne. Ciwon dunduniya ya fi tsanani a takun farko da asuba, ya lafa idan an ɗan yi tafiya, wani ma hutu da miƙa jijiya sun ishe shi. Mutum ya zo maka yana ɗingishi, bayan mako guda ya ji sauƙi, ya manta da kai. Saboda haka lokacin karɓar kuɗi shi ne lokacin da ƙafarsa take kan takardarka. Kafin alƙalami, aƙalla kuɗin kaya gaba ɗaya, kafin wuƙa ta taɓa fata. Har surukinka, har limamin unguwarku. Kunya ce ke cin jarinka.

Na san wani a Tudun Wada mai hannu ƙwarai, malaman makaranta masu yini a tsaye suka riƙa tururuwa wurinsa, kowa ya ce sai albashi ya shigo. Bai rubuta komai ba. Da ya tashi bin bashi, bai ma san wa ya biya rabi ba, wa bai ba da ko sisi ba. Yau faci yake yi a bakin titi, abin yana damuna har yanzu.

Sayi babban littafi. Kowane mutum shafinsa: suna, lambar waya, zanen ƙafafu biyu, inda yake jin ciwo, irin takalmin da yake sawa, abin da ya biya da saura. Soso yakan kwanta, mutumin zai buƙaci sabuwa, kuma shafin nan ne zai dawo maka da shi.

Mai ciwon suga kuwa, kada ka yanka masa sai likita ya duba shi, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Da yawansu ƙafar ba ta jin zafi, ɗan tudu kaɗan zai yi gyambo ba su sani ba. Idan ƙarin ƙwarewa kake nema, cibiyar fasahar fata tana nan Samaru, kusa da kai.

Kira mutum bakwai ɗin nan a wannan makon. Bayan wata uku ka turo mini lissafin littafinka, sai mu duba ko na'urar za ta iya biyan kanta.