Tsakanin Ramatoulaye da Aissatou, wa ta yi daidai?

Tambaya: Malama, na fara karanta So Long a Letter na Mariama Bâ, sunaye sun rikita ni. Kuma wa marubuciyar take goyon baya, wadda ta zauna ko wadda ta fita?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da takarda da biro. Aissatou biyu ce: aminiyar da Ramatoulaye take rubuta wa wasiƙar da ita ce littafin, da 'yar Ramatoulaye da ta ci sunanta. Nabou ma biyu ce, surukar Aissatou da yarinyar da ta rena don ta aura wa ɗanta Mawdo. Rubuta gidan Modou, mijin Ramatoulaye, a gefe ɗaya, gidan Mawdo, mijin Aissatou, a ɗaya gefen, rikicin ya ƙare.

Littafin ya fito da Faransanci a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatoulaye, malamar makaranta a Dakar, tana rubutu ne cikin takabar Modou, wata huɗu da kwana goma. Shi ya sa labarin yake komawa baya ya dawo. Duk inda kika ɓace, tambayi kanki: yau ce a ɗakin takaba, ko tuna baya take yi?

Inda masu karatu suka fi zamewa shi ne neman hukunci. Aissatou, 'yar maƙerin zinariya da dangin miji suka raina, ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu ta fita da Mawdo ya auro ƙaramar Nabou, ta yi karatu, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Ramatoulaye kuwa, bayan shekara 25 da 'ya'ya 12, Modou ya auro Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, ta zaɓi zama, shi kuma ya ƙaurace wa gidan. Ba ta taɓa zargin aminiyarta ba. Aissatou ma da ta ji wahalar shiga motar haya, mota ta saya mata, ba wa'azi ta yi mata ba. A ganina nan ne zuciyar littafin.

Ki lura kuma, bakin Ramatoulaye kaɗai muke ji. Kalaman Aissatou na kanta sun fi fitowa a takardar da ta bar wa Mawdo, don haka karanta ta sau biyu.

Kada ki yanke wa Ramatoulaye hukuncin mai haƙurin dole kafin ki kai wurin da Tamsir, wan mijinta, ya nemi aurenta bayan sadakar arba'in. Karanta amsarta a bayyane, sannan ki kwatanta da yadda ta ƙi Daouda Dieng, tsohon masoyinta, cikin mutunci.