Direba a Jidda: hukuncin ƙin allurar korona da sayen shaidar bogi

TAMBAYA (ta lokacin annobar korona): Allah gafarta malam, ni direba ne a Jidda, ni nake kai mahaifiyar uban gidana wankin ƙoda. Tun 1 ga Agusta 2021 hukuma ta hana shiga wurin aiki sai da rigakafin korona. Abokaina Larabawa sun ƙi yi, sun ce neman magani kafin ciwo rashin tawakkali ne, kuma akwai alade a ciki. Wani ya ce in na biya shi zai sa manhajar Tawakkalna, wadda hukumar Saudiyya ke duba shaidar rigakafi da ita, ta nuna na yi. Mene ne hukunci?

AMSA: Bismillah. Ɗan'uwa, ka kawo maganar tsohuwar nan kamar a gefe, alhali a kanta hukuncin ya rataya. Asalin rigakafi halal ne, abin so ne lokacin annoba. Amma kai kana rufe gilashi ka kunna na'urar sanyi, tsohuwa mai ciwon ƙoda tana bayanka tana shaƙar numfashinka. Masu wankin ƙoda suna cikin waɗanda cutar nan ta fi kayarwa. A halinka ina ganin wajibi ne, sai in likita ya hana ka saboda wata lalura a jikinka.

Shaidar bogi haramun ce: ƙarya ce, cin hanci ne, ha'inci ne ga mutanen da suka ba ka amanar uwarsu.

Batun alade gajere ne. Pfizer da AstraZeneca sun bayyana cewa babu shi a allurarsu, kuma majalisar fatawa ta Daular Larabawa ƙarƙashin Shaikh Abdullahi bin Bayyah ta halatta tun Disamba 2020, ko da an samu, in babu madadi.

Maganar tawakkali ce take buƙatar tsayawa, don masu ita suna da abin kamawa: hadisin mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba hisabi. To, a karanta shi yadda ya zo. Ba sa neman a yi musu tofi, ba sa lalas da wuta, ba sa camfi. Ina aka ce ba sa magani? Shugaban masu tawakkali, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi ƙaho, ya sa sulke biyu ranar Uhudu tun kafin takobi ya taɓa shi. In suka ce sulke ba magani ba ne, ga hadisin Bukhari da Muslim: wanda ya karya da dabinon ajwa bakwai, guba da sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba. Lafiyayye ne yake ci, tun ciwo bai zo ba. Da wannan hadisin Shaikh Ibn Baz ya halatta rigakafi, a ƙasar da kake zaune. Ko malaman da suka fifita haƙuri a kan magani, ciwon jikin mutum shi kaɗai suke nufi, ba cuta mai yaɗuwa ba. Kana iya haƙuri da naka ciwon. Ba ka da ikon yin haƙuri a madadin uwar wani. Kuma ka tambayi abokan naka: allurar sanƙarau da ake yi wa mahajjata shekara da shekaru, wa ya taɓa fasa hajji saboda ita?

Na lura kasancewarsu Larabawa ya yi maka nauyi. Larabci harshensu ne, ba ijazar fatawa ba. Tsoro ne irin na kowa. Binciken da aka yi a Jordan da Kuwait a ƙarshen 2020 ya nuna waɗanda suka yarda a yi musu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mu ma muna da namu tabon, tun gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, don haka kada ka yi musu gori.

Ka faɗa wa ma'aikaciyar jinya in wata allura ta taɓa kumbura maka jiki. Bayan an yi maka ma kada ka yar da takunkumi a mota, ka riƙa sassauta gilashi, ranar da kake tari ka nemi wani ya kai ta. Saƙonnin murya na WhatsApp da ba ka san mai su ba, kada ka tura wa mutanen gida. Wallahu a'alam.