Tambayoyinku: Kod ɗina ya ƙi aiki, wai an yi masa "deprecated"

Tambaya: Malam ina koyon PHP ta YouTube, na rubuta mysql_connect daidai yadda mai bidiyon ya yi amma abin ya ƙi tashi sam. Abokina ya ce wai an yi masa deprecated ne, me kenan?

Amsa: Ɗan'uwa abokin naka ya makara da labari. Deprecated gargaɗi ne kawai, masu kula da yaren na cewa abin nan yana aiki yanzu amma a daina amfani da shi, akwai sabo, kuma watarana za a cire shi. Kamar notis ɗin da mai gida ke ba ɗan haya ne. To kai an riga an watso maka kaya waje, don tun 2013 aka yi gargaɗin a PHP 5.5, a 2015 PHP 7 ta fito babu shi gaba ɗaya. Ka koma mysqli ko PDO, su ne sabbin hanyoyin haɗa PHP da rumbun bayanai na MySQL, ni dai PDO nake so.

Amma abin da ke ba ni haushi da ku masu koyo, wallahi ba kwa duba ranar da aka ɗora bidiyo, mutum ya ga masu kallo sun yi yawa shikenan ya zauna yana kwafa layi bayan layi, in gargaɗi ya fito ja a allo maimakon ya karanta sai ya nemo yadda ake kashe shi da error_reporting(0) ya ce ai ya gyara. Ba ka gyara komai ba malam, ranar da aka sabunta sabar zai fashe maka. Python 2 an daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020 amma har yau ana turo min print babu baka biyu irin na Python 2, wanda ba ya aiki a Python 3, ana tambayar me ya faru. Ku dinga buɗe shafin yaren na asali kuna duba sigar da kuke kai, gargaɗin ma sau da yawa yana faɗa maka abin da za ka sa a madadin, karatu ne kawai ba kwa so.

Tambaya: A manhajar rubuta kod ta VS Code ana ja wa substr ɗina na JavaScript layi a tsakiya, cuta ce ta shiga?

Amsa: Wace cuta Hajiya! Alamar tsufa ce, wato deprecated, ki sa slice a madadinsa.

Tambaya: Har yanzu center na HTML yana min aiki, in bar shi?

Amsa: Yana aiki don burauza na lallaɓa tsofaffin shafuka. A sabon aiki ka yi da CSS.